Idan dunduniyar wuyan jitarka ta fara buɗe baki

Wajen ƙarshen Janairu ne, hunturu ya yi nisa, wani yaro da ke kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan cocinsu a Billiri ya sauka daga acaɓa a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, da jitarsa a cikin buhun shinkafa, wai don ƙura. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, wayoyin nan sun tashi sama, yatsuna har sun fashe, na ɗaure ƙarfen ciki da alanki har ya ƙi juyawa amma shiru." Na karɓa na kifa ta a cinyata na nuna masa bayan wuyan, daidai inda ya haɗu da gangar jikin, ga rata nan ƙiri-ƙiri, na zaro tsohon katin ATM na zura, ya shige har rabi. Ya riƙe baki ya ce shi kam bai taɓa duba wajen ba.

To wannan wajen shi nake kira dunduniya. In ka bi wuyan jita ta baya da hannunka har ƙasa za ka ji ya yi kauri ya lanƙwaso kamar diddigen mutum kafin ya manne da jiki, nan ne. A jita mai wayar ƙarfe yawanci daidai firet na 14 ne, wato siraran ƙarafan nan da ke jere a kan wuya inda ake danna waya, a mai wayar nailan kuma na 12. Kuma tun da wuri bari in faɗa maka, ƙarfen nan da ke cikin wuya da ake juyawa da alanki, wato ɗan makullin nan mai kusurwa shida, babu ruwansa da wannan ciwon, aikinsa miƙar da tsakiyar wuya ne in ya yi baka, in ka yi ta ɗaure shi don dunduniya ta buɗe to ƙarshe ka tsinke shi ko ka cinye zaren, ciwo ɗaya ya zama biyu.

Me ke jawo shi? Wayoyin ƙarfe guda shida masu lamba 12, lambar kaurinsu kenan, in an ɗaure su daidai suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 70 da ɗoriya, kamar a ce ƙaton namiji ne ya rataya a jiki dare da rana ba hutu. Na nailan wajen rabin haka ne, shi ya sa duk wanda ya sa wa jitar nailan wayar ƙarfe don "ta fi ƙara" ya sani da hannunsa ya fara haƙa mata kabari, kuma wallahi ana yi sosai a nan. Sai kuma yanayinmu. Katakon jita yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu danshin yana faɗuwa ƙasa da kashi 20, katako ya tsuke kamar leɓe, damina ta yi ƙarfi a Agusta ya kumbura, haka yake ta yi duk shekara, mahaɗar tana sakewa kaɗan-kaɗan. Ga zafin Maris da Afrilu. Mota a rufe a rana a Gombe cikinta yana iya wuce digiri 60, kuma kusan a nan ne gam ɗin katako yake fara laushi, in ka bar jita a but ɗin mota ka shiga kasuwa na awa biyu, wayoyin suna ja gam yana narkewa, me kake jira.

Abu na farko, tun kafin ka gama karanta wannan, sassauta wayoyin duka har su yi laƙwas. Ba sai ka cire ba tukuna.

Sannan ka zauna inda akwai haske ka gano ainihin abin da ya saki, don abu uku ne suke kama da juna daga nesa kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai wanda ita dunduniyar kanta ce ta tsage ta kwance, wato katakon ne ya rabu biyu, sau da yawa a layin da aka haɗa gunduwa-gunduwa a masana'anta ko kuma jitar ta faɗi. Akwai wanda dunduniyar lafiyarta ƙalau amma ta ja baya daga jikin, ratar ta fi faɗi a ƙasa ta tsuke a sama. Akwai kuma na uku mai wuyar gani, kututturen katakon da ke ciki wanda wuyan yake shiga shi ne ya ɓalle daga bango ko daga bayan jitar. Wannan sai ka kunna tocilan ɗin waya, ka zura wayar ta ramin sauti ka ɗauki bidiyo kana ɗan lanƙwasa wuyan gaba da baya a hankali. In kututturen yana motsi tare da wuyan to matsalar a ciki take, duk abin da ka yi a waje aikin banza ne sai ka fara manne shi.

Yanzu ga inda mutane suke ɓata jita, kuma ni ma na ɓata tawa ta farko haka, ba wai gani na yi a wajen wani ba. Ina ganin ratar na ruga shago na sayo sufa gulu kwalba biyu na tsiyaya, na ɗaure da igiya na kwanta ina jin kaina injiniya. Kwana huɗu ta yi, ina cikin kaɗawa na ji ƙas, ta buɗe ta fi da, ta kuma ɓantaro fenti, ga wani farin tabo da ya zubo har bayan jitar wanda har yau yana nan. Dalili kuwa shi ne fuskar dunduniyar da kake gani a manne da jiki, a yawancin jita ba ita ce ke riƙe da wuyan ba, zaune kawai take a kan fenti. Riƙon yana can ciki. Ka ga kenan gam ɗin da ka zuba a waje fenti ya kama, ba katako ba, fenti kuwa ba zai ɗauki kilo 70 ba. Banda haka sufa gulu yana bushewa kamar gilashi ya cike ratar, gobe in mai gyara ya zo matsewa ba za ta rufu ba sai ya kankare shi. Kafinta kuma, da girmansa, kar ka bari ya buga mata ƙusa. Na ga wadda aka yi wa haka da ƙusa mai inci uku, dunduniyar ta dare gida biyu.

Abin da ke ciki ya danganta da wanda ya ƙera. Su Martin na Amurka, da suke sana'ar tun 1833, da Gibson, an san su da dabtel, wato ana sassaƙa ƙarshen wuyan ya yi faɗi kamar wutsiyar tattabara a zura shi cikin gurbinsa a kututture, yana sauka yana ƙara matsewa. Taylor kuma noti da bol suke amfani da shi, tun 1999 ma suka fito da tsarin da ake kwance wuyan gaba ɗaya a canja 'yan siraran katako a mayar, in irin wannan ce gare ka ko wata mai bol, leƙa ciki, wani lokaci takarda ce aka liƙa a kan kututturen ta rufe kan bol ɗin, ɗaurewa kawai yake so, minti biyar an gama. Jitar nailan ta gargajiyar Sifen wuyan da kututturen katako ɗaya ne, ba ya cirewa ko kusa, kar ma ka gwada. Amma gaskiya yawancin abin da ke hannun yaranmu a Gombe da Kaltungo da Bauchi masu araha ne na kasuwa da na gwanjo, kuma da yawansu 'yan turaku biyu ko uku na katako ne kawai aka soka aka shafe da gam. Riƙe wannan a ranka don shi zai nuna maka hanyar da za ka bi.

In tsagewa ce a jikin dunduniyar, ka yi sa'a, ita ce mafi sauƙi, don katako ne da katako. Hure ƙurar da ke ciki, kar ka sa yatsa mai maiƙo. Gam ɗin da masu gyaran jita suka fi amfani da shi Titebond ne na asali mai jan murfi, in ba ka samu ba farin gam na kafinta irin Top Bond zai yi a nan, amma sabo, ba wanda ya kwana buɗe a shago ya yi kauri ba. Sayi sirinji a kemis, ka ɗan sirka gam ɗin da ɗigon ruwa kaɗan, ka danna wuyan gaba a hankali tsagar ta buɗe, ka tura gam, ka saki, ka sake dannawa, haka ta dinga buɗewa tana rufewa kamar baki tana tsotse gam ɗin har ka ga yana fitowa ta ɗaya gefen. Sai matsewa. Abin matsewa na kafinta da suke kira kilam, baki ɗaya a kan allon yatsu, wato katakon gaban wuya da firet suke kai, ɗaya a ƙasan dunduniya, amma ka sa guntun katako da tsumma ko yankin silifas a tsakani, in ba haka ba firet za su lotsa. Matse har layin ya ɓace, ba har katako ya yi kuka ba. Goge abin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma nan take. Awa 24 kar ka taɓa, ni kam kwana biyu nake bari kafin in ɗaura waya.

To in dunduniyar ce ta ja baya daga jiki, akwai gwajin da ba a tsallakewa. Matse ta ta koma wajenta ba tare da gam ba, robar cikin tayar babur da aka yanka doguwa tana aikin nan sosai, ka naɗa daga dunduniya ka zagayo gindin jitar sau uku huɗu. In ratar ta rufe, ɗauko doguwar rula ta ƙarfe mai santimita 60 ka kwantar da ita a kan firet ta tsakiya, ka tura ta har ta kai birij, katakon nan da wayoyi suke ɗaure a kai, wanda masu goge ke ce wa nasu jaki. In bakin rular ya hau daidai saman katakon birij ɗin ko ya ɗan shafe shi, kusurwar wuyan lafiya lau, riƙo kawai ya rasa. In kuwa ya daki gaban birij ɗin ya sauka milimita 2 ko 3 a ƙasan samansa duk da ratar a rufe take, to jikin jitar ne ya lanƙwashe da shekaru, wannan babban aiki ne, zan zo kansa.

Ga mai araha wadda ta ci gwajin rula, ni bol nake sa mata kuma ba na jin kunyar faɗa. Masu jita mai tsada za su ce haramun ne, to su yi ta faɗa, a kan tasu ni ma ba zan yi ba, amma jitar da kuɗin cire wuyanta ya fi kuɗinta fa? Ga yadda nake yi. Da farko na share ratar, na yanko siririn samfefa na zura na ja sau kaɗan don tsohon gam ya fita, saboda sabon gam ba ya kama tsoho, in ya yi taurin kai ɗan ruwan ɗumi da binega yana sa shi laushi, sai a bari ya bushe. Sannan na auna daga wajen dunduniya zuwa fuskar kututture ta ciki, na je wajen masu sayar da noti na zaɓo bol mai kaurin milimita 6 wanda ya fi wannan tsawon da kamar santimita ɗaya, da wasa mai faɗi, wato ɗan faifan ƙarfen nan mai huda a tsakiya, da noti biyu. Wajen hudawa a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan dunduniya ne, a tsakiya cif, don a nan ne jan ya fi ƙarfi kuma ka yi nesa da ƙarfen cikin wuya. Liƙa salatif a wajen don fenti kar ya ɓare. Fara da ƙaramin baki mai milimita 3, wani ya riƙe maka jitar a kan katifa, wani kuma ya tsaya a gefe yana kallon ko dirin ɗin ya karkace, don kai da ke sama ba za ka gani ba. In ya fito ta ciki a tsakiyar kututture, sai ka faɗaɗa zuwa 6, ka kuma ɗan buɗa bakin ramin ta waje yadda kan bol ɗin zai nutse ya zauna a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Me ya sa bol mai ratsawa ba sukuru ba? Saboda ta wannan fuskar zaren katakon dunduniyar layi ɗaya yake bi da sukurun, kamar ka soka tsinke a bakin rake, ba ya riƙewa sosai, yana iya kwancewa. Bol da wasa kuwa matse katakon biyu yake a tsakaninsu. Tura gam cikin ratar da sirinji iya inda zai kai, zura bol, sa hannu ta ramin sauti ka ɗaura wasa da noti, nan ne za ka gane amfanin ƙaramin ƙane mai siririn hannu, ɗaure har ratar ta rufe gam ya fito, ka tsaya nan, in ka ƙara za ka fasa dunduniyar. Noti na biyu a kan na farko don kar ya kwance ya dinga zuwwa in kana kaɗawa. Kan bol ɗin a waje ka toshe da guntun katako ka shafa masa kala, ko ka bar shi, ba mai gani sai kai.

Babban aikin, wato cire wuya a gyara kusurwa a mayar, na jita ce mai dabtel wadda ta cancanta, kuma in ba ka taɓa yi ba kar ka fara koyo a kan wadda kake so. Zan dai faɗi yadda yake don ka san abin da mai gyara zai yi maka, ko ka gwada a kan wata matacciya. Ana fara raba harshen allon yatsu da ya kwanta a kan fuskar jita, a rufe fentin gefe da kwali, a ɗora dutsen guga a kan firet ɗin wajen har zafi ya ratsa, a zura siririyar wuƙa marar kaifi a hankali tana bin gam. Sai a cire firet na 15, a ɗan ɗumama shi da ayan na masu gyaran rediyo kafin a ɗaga don katako kar ya ɓantare. A cikin layin da ya bari ake huda rami biyu 'yan milimita 2, a kauce wa tsakiya saboda ƙarfe, za ka ji bakin dirin ya faɗa fanko, wannan ne ɗan sararin da ke bayan dabtel ɗin. Nan ake tura tururi, tukunya mai murfi da tiyo mai jure zafi da allurar nan ta hura ƙwallo a bakinsa. Yi hankali, tururi yana ƙona fata fiye da tafasasshen ruwa, sa safar hannu, kuma kar ka toshe tukunyar ruf. Minti kaɗan kana girgiza wuyan kana goge ruwan da ke fitowa don kar ya yi wa fenti fari, sai ka ji ya saki, kuma sama yake fita, ta wajen fuskar jita, ba baya ba. In ka yi ta turawa bai ko motsa ba, mai yiwuwa gam mai haɗi biyu aka sa irin su Araldite ko kuma turaku ne, tururi ba ya cin wannan, dakata kafin kututturen ciki ya saki.

Bar shi ya bushe sosai, da hunturu kwana biyu uku, da damina mako guda. Kankare tsohon gam tas. Gyaran kusurwar daga fuskar dunduniya ake ci, a ƙasa da yawa a sama kusan babu, kuma lissafin da ya kamata ka riƙe shi ne kusan ɗaya bisa uku: milimita 1 da ka cire a ƙasan dunduniya yana ɗaga rula wajen milimita 3 a birij, saboda daga mahaɗa zuwa birij ya kusa ninka tsayin dunduniya sau uku. Ka ga kenan ɗan kaɗan ne, mutane da cizal suke wuce gona da iri. Hanya mafi aminci ita ce ka mayar da wuyan gurbinsa, ka zura samfefa tsakanin dunduniya da jiki, ƙaiƙayin yana kallon dunduniya, ka danna ka ja, kana ƙirgawa, goma a dama goma a hagu, ka gwada rula, ka kuma ja zare daga tsakiyar kan wuya zuwa tsakiyar birij don kar ya karkace gefe ɗaya. Da ka ci katako dabtel ɗin zai yi sako-sako, sai a manna masa siraran katako a kumatunsa biyu, maɗaci ya dace ƙwarai don dangin mahogani ne da ake yin wuyan jita da shi, kuma kowane kafinta a garin nan yana da ɓarɓashinsa. Shafa alli a cikin gurbin, zura, fitar, inda alli ya taɓa ka kankare, haka har ya zauna daram. Alamar ya yi ita ce ka ɗaga jitar ta wuya ba gam ko ɗigo kuma ba ta girgiza. Farin gam yana jan jiki a hankali in nauyi ya daɗe a kansa, don haka katakon ne zai riƙe, gam tayawa kawai yake. A kumatun dabtel da ƙarƙashin harshen allo kaɗai ake shafawa, banda fuskar dunduniya, a matse, a mayar da firet.

Kowace hanya ka bi, ranar ɗaura waya kar ka kai su sama lokaci ɗaya, ɗaga rabi ka bar ta ta kwana, ka duba layin da safe, sannan ka ƙarasa. Auna tsakanin waya da firet na 12, babbar waya wajen milimita 2.5, ƙaramar wajen 2, in ya ɗan fi haka sai ka rage farin ƙashin da ke kan birij ta ƙasansa. Ni ina ba mutane shawara su koma waya mai lamba 10 ko 11 bayan irin wannan gyara, ƙarar za ta ɗan ragu amma wuyan zai huta. Da hunturu kuma ka samu robar sabulu ka huhhuda murfin, ka sa jiƙaƙƙen soso da aka matse a ciki, ka ajiye cikin jakar jitar ka zuge, duk kwana biyu ka sake jiƙawa, kar dai ruwa ya taɓa katako. Rataye ta a bangon da rana ke duka ko ƙarƙashin kwano marar silin, wannan kam a daina.

Ta yaron Billiri bol muka sa, don da muka matse da roba rula ta hau birij daidai. Ƙarfen cikin da ya ɗaure sai da na sassauta shi kusan zagaye ɗaya kafin wuyan ya dawo hayyacinsa, Allah ya taimake shi bai tsinke ba. Na ce ya dawo da ita in an yi ruwan farko in sake taɓa notin, saboda katakon zai motsa. Ya ce "To Yaya," ya mayar da ita cikin buhun shinkafar, na ce a'a, wannan buhun kam ka bar min shi a nan, na ba shi tsohuwar jakata mai mataccen zif.